Fatar Wa Ta Ɗauko?

Duk wanda ya san Lauratu a ƙauyensu na kudu da Maraɗi, da wankan jarirai ya san ta. Ba ungozoma ba ce, ba ta yankan cibi, amma da an yanke ita ake aika wa. Ruwan zafi, soso, sabulun salo, sannan man kaɗanya har sai jariri ya yi sheƙi, safe da yamma babu fashi. Rabin magidantan da ke yi mata ɗagawa a ƙauyen ta taɓa kifa su a cinya, kuma ba ta jin nauyin tuna musu a gaban matansu. To wannan matar ce aka ɗora wa jikarta ta jini a garin Arlit, fatar yarinyar ta ƙi ta ƙememe.

Ɗanta Nomau ne ya fara hawa arewa, lokacin da ramukan uraniyom ke ɗaukar duk mai jini a jika. A can ya auri Assalama, Buzuwa, wadda fari ya cinye dabbobin iyayenta a Gugaram ya koro su bakin gari. Lauratu ba ta je biki ba, ba ta taɓa sa surukar a ido ba. Daga baya kasuwar uraniyom ta faɗi, kampani ya sallami mutane, Nomau ya fita daga gidan siminti na ma'aikata ya koma Bukoki, unguwar da ake yin ɗaki da kwali da buɗaɗɗun gangunan ƙarfe. Assalama ta haifi mace, aka sa mata Zinariya. Yarinyar ta fara zama ke nan zazzaɓi ya ɗauke uwar. Da saƙo ya isa kudu, Lauratu ta ɗaure ƙunshinta, ta sa curin sabulun salo da ƙwaryar man kaɗanya a tsakiya, ta hau kamiyo, babbar motar kaya, cikin ayarin da soja ke yi wa rakiya, don a shekarun nan 'yan tawaye na tare hanya.

Maƙwabciyar Nomau, Keziya, Kirista 'yar Damagaram mai wanki da guga a gidan wani Nasara, ita ke riƙe da yarinyar ranar da Lauratu ta sauka. Ta miƙo mata ita a naɗe. Lauratu ta buɗe zane, ta yi salati da ƙarfi.

"Mi ya samu ɗiyar ga? Ta yi shuɗi! Wuyanta, cikinta, duk shuɗi!"

"Inna, kwantar da hankalinki," in ji Keziya tana dariya. "Turkuɗin uwarta ne ya zuba mata. Haka Buzaye suke so, wai yana tsare fata daga rana."

Lauratu ta san turkuɗi, ta sha ganinsa a kasuwa yana walƙiya, amma ba ta taɓa ganin an rina jariri da shi ba. Ta dangwali yawu ta murza wuyan yarinyar, yatsanta ya yi baƙi. Ta tambayi sau nawa ake yi mata wanka a yini. Keziya ta yi lissafi, sannan ta ce ita dai ba ta cika gani ba, tsumma mai danshi marigayiyar ke goga mata, sai ta bi da man nonon awaki. Lauratu ta sake tambaya, wankan jego fa, an yi wa Assalama da ruwan zafi da ganye? Keziya ta ce ba a yi ba, su ba sa yi.

Nan take Lauratu ta gama shari'a a zuciyarta. Rashin wanka ne ya kashe uwar, kuma ba za ta zuba ido ya kashe 'yar ba. Ga kuma wani tsoro da ta ɗebo a hanya: ta ga yadda a kowane shinge ake sauke masu shuni a fuska ana yi musu tambayoyi, masu baƙar fata irinta kuwa a ce su wuce. Ba ta ko huta gajiyar mota ba ta sa aka hura wuta.

Abu ɗaya ne kawai ba ta taɓa ba. A damtsen hagu na yarinyar akwai wani faffaɗan ƙyalle, yanki daga turkuɗin Assalama, an naɗa shi an ɗinke laya a ciki. Keziya ta ce kakar yarinyar ta wajen uwa ce ta ɗaura ranar jana'iza. Lauratu na da tsiwa amma ba ta wasa da rubutun Allah, don haka kullum in za ta yi wankan, nan take kamawa ta rufe da tafinta, ta ɗaga hannun sama, ruwa bai taɓa shi.

Cikin 'yan kwanaki shunin ya fita tas. Zinariya ta fito ja kamar uwarta, da hanci da leɓen Nomau. Lauratu ta zagaya da ita unguwa tana nunawa. Sai dai murnar ba ta yi nisa ba. Fatar ta fara yin furu-furu, ta koma kaushi, bayan gwiwa da gwiwar hannu suka tsage, kumatu suka yi jajur suna saɓa. Yarinyar ta koyi susa kafin ta koyi rarrafe. Lauratu ta ƙara mai, fatar ta shanye kamar an zuba ruwa a rairayi. Ta ce ai datti ne ya saura a ciki, ta ƙara dirza.

Ana cikin haka kakar wajen uwa ta zo. Sunanta Hadijata, doguwar tsohuwa siririya, tana zaune a can ƙarshen Bukoki cikin ɗakin tabarmi tare da ɗanta Almustafa. Hausarta irin ta wanda ya koya da girma ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta ɗauki yarinyar ta jujjuya, ta daɗe tana kallon bayan gwiwar, sannan ta ɗago.

"Uwar Nomau, yarinya ba ya son ruwa. Fatan shi namu ne. Kai wanke shi kullum, kullum, shi ya lalace."

"Wane ɗan Adam ne ba shi son ruwa?" in ji Lauratu. "Uwar Assalama, ɗiyan da na wanke da hannun ga sun fi awakin da kunka taɓa kiwo yawa."

Maganar na fita ta so ta kamo ta. Ba a yi wa wanda fari ya tsiyata gorin awaki. Hadijata ta ajiye wani ɗan tandu na man nonon awaki a bakin tabarma, wanda a wannan shekarar Allah kaɗai ya san inda ta samo shi. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Zaman gari ya gagare su, bincike ya yi yawa a unguwa, Almustafa ba ya iya fita ko kasuwa. Za su koma Gugaram kafin wata ya mutu. A can akwai ƙanwar Assalama mai shayarwa, kuma a wajensu ɗan da uwarsa ta rasu ɗakin uwa yake komawa. Za su tafi da Zinariya.

Lauratu ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Daji, fari, bindiga, ga rashin wanka? Aka kai maganar gaban Nomau, wanda ya samu aikin kwasar gawayi a Anu Araren, ba ya zuwa gida sai ayari ya samu. Ya zauna tsakanin uwarsa da surukarsa kansa a ƙasa, ya rame, baƙin gawayi bai gama fita daga faratansa ba. Da ƙyar ya buɗe baki.

"Inna, ni ban san komi ba a sha'anin hwata. In ta warke a hannunki kahin su tashi, ta zamna. In ba ta warke ba, ku bar su su gwada nasu."

Ya faɗi haka ya bi ayarin washegari, ya bar tsofaffi biyu da hukuncin da shi kansa ba zai iya tsayawa ya ga an zartar ba.

Daga ranar Lauratu ta shiga neman ilimin da ba ta taɓa zaton tana bukata ba. Ita a saninta fata fata ce. Amma Arlit gari ne da kowace ƙabila ta zo ci, kuma a layin pampo kowace mace likita ce. Wata Bafulatana ta leƙa goyon da ke bayanta ta ce jar fata siririya ce kamar ɓawon albasa, man kaɗanya nauyi yake mata, man shanu take so. Wata Babarbariya ta ce ƙarya ne, man riɗi da turaren wuta. Wata 'yar Tawa ta ce ba mai ba ne, jini ne, na uba da na uwa ke kokawa a ƙarƙashin fatar, sai ɗaya ya kayar da ɗaya za a samu lafiya. Wata ta rage murya ta ce ƙurar ramuka ce, kowa na shaƙa. Wata tsohuwa da ke can baya ta ce, "Ku dai rage mata ruwa," amma ita ma Buzuwa ce, Lauratu ta ce ai bakinsu ɗaya. Ta koma gida da bido cike da ruwa da kai cike da magana, ba ta san wadda za ta ɗauka ba.

Ta kai yarinyar asibitin gari, don na kampani ya rufe musu ƙofa tun da aka sallami Nomau. Wani saurayin ma'aikaci ya duba, ya tambayi ko uwar fara ce ko baƙa. Lauratu ta ce ja ce. Ya tambayi uban, ta ce baƙi ne kamar ita. Ya ce "to," kamar wanda ya gano wani abu, ya yi wani dogon bayani rabinsa Faransanci, ya faɗi sunan wani man shafawa. A kantin magani aka ce man yana cikin motocin da ba su iso ba, ba kuma a san ranar isowarsu ba.

Keziya ce ta zo da yamma da wata farar kwalba a ɓoye cikin zane. Matar maigidanta ta koma ƙasarsu saboda tawaye, ta bar tarkace.

"Inna, wannan shi Madam ke shafa wa 'ya'yanta. Na ce tunda Zinariya ja ce, ai ta fi kusa da su da mu."

"Yanzu kuma Annasara ta zama?" in ji Lauratu. "Ke Keziya, ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah. Hwatar wa ɗiyar ga ta ɗauko?"

"Wallahi Inna ban sani ba. Fuska dai ta uban ce."

"Huska ba ita ke ƙaiƙayi ba."

Lauratu ta jera abubuwan uku a gabanta, ƙwaryar kaɗanya, tandun Hadijata da kwalbar Madam, ta zuba musu ido. Daga nan ne dabarar ta zo mata, dabarar da har yau in matan Bukoki suka tuna sai sun yi dariya sannan su yi shiru. Tunda an ce kowace fata da man ƙabilarta, to bari fatar ta faɗi ƙabilarta da kanta. Ta raba yarinyar uku. Hannun dama da ƙafar dama na uba ne, man kaɗanya. Hagu na uwa ne, man awaki. Baya da ɗuwawu ta bar wa Nasara. Duk inda ya fara warkewa, shi ke nan an san dangi.

Wanka kuwa bai tsaya ba. Da ma ai ba shi ake tuhuma ba. Da ta ga tsagewar na tara ƙasa ma sai ta ƙara na tsakar rana.

Abin ya zame mata aiki. Da safe ta fito da yarinyar haske ta duba, sai ta ga kamar dama ta fi laushi, zuciyarta ta yi fari, ta ce jini ba ya ƙarya. Kafin la'asar sai hagun ta yi kamar ta fi, gabanta ya faɗi. Ta kira Keziya shaida, Keziya ta ce ita baya ne ta ga ya fi kyau. Wata rana ta kifa yarinyar ta rikice, dama ta koma hagu, ta shafa wa ɓangaren uba man uwa, ta zauna tana salati kamar wadda ta haɗa aure da muharrami. Ita kuwa Zinariya ba ruwanta da iyaka, da hannun kaɗanya take sosa ƙafar awaki, ta murza bayanta a tabarma ta kwaso na Nasara ta shafe ko'ina. Ƙarshenta ɗakin ya cika da wari kala uku, ƙudaje suka samu wurin zama, fatar kuwa tana nan jiya i yau, har wuya ya fara ruwa.

Tsoro ya kama Lauratu sosai. Ba rasa gardama take tsoro ba, rasa yarinyar take tsoro. Ta zo garin da ba ta san kowa ba, ɗanta ya zama baƙo, wannan 'yar abar ita kaɗai ce tata. Tana son ta har cikin ƙashi, ga shi kuwa yarinyar ba ta taɓa yi mata dariya ba. Ta yi wa Keziya, ta yi wa akuyar maƙwabta, amma in Lauratu ta miƙo hannu sai ta sandare.

Wata ya yi ta ƙanƙancewa. Aka aiko cewa Almustafa ya samo jakuna, da hantsi za su biyo.

Da sassafe Lauratu ta hura wuta ta ɗora ruwa. Ta ce ko da tafiya za a yi da ita, ba za a ce ta fita daga hannun Lauratu da datti ba. Ta tuɓe yarinyar ta kama damtsen hagu kamar kullum. Yarinyar ta rame, ƙyallen ya yi mata yawa, sai ya zame ya sauka har gwiwar hannu.

Lauratu ta tsaya. Inda ƙyallen yake, fatar sumul take. Shuɗiya ce, mai laushi, ba kaushi, ba tsaga, ba ko ɗigon ƙurji, zobe guda kewaye da damtse. Ta shafa da ɗan yatsa, ta sake shafawa. Irin fatar nan ce ta buɗe zane ta gani ranar da ta sauka, ta yi mata salati.

Kanta ya ɗaure. Laya ce? To ai laya jiki duka take tsarewa, ba inda aka ɗaura ta kaɗai ba. Turkuɗi ne? Ke nan gaskiyar Hadijata, fatar tasu ce. Amma nan ɗin ba kaɗanya, ba man awaki, ba na Nasara, babu ƙabilar da ta shafa masa komai. Ta yi ta juya abin, ta bi ta nan ta ɓullo ta can, sai ta ga kowace hanya wuri ɗaya take kai ta, wurin da ba ta son zuwa. Nan ne inda tafinta ke rufewa. A duk jikin Zinariya, nan kaɗai ne sosonta bai taɓa zuwa ba.

Ta dubi hannun da ke riƙe da damtsen, kamar yau ta fara ganinsa. Bayansa ya yi fari fat, gaɓoɓin yatsu sun tsage, wani wurin har da busasshen jini. Ta ja zane ta dubi ƙaurinta, ya yi zane-zane kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Da santsinta ta zo daga Maraɗi, kuma ita dai kaf danginta babu Buzu. Ita ma tana susa tun tuni, ba ta dai samu lokacin lura ba. To in iskar garin ce da ruwansa mai gishiri, me ya sa 'ya'yan Keziya ke wanka kullum suna yawo lafiya? In kuma ƙabila ce, ita wace ƙabila ta koma? Abu ɗaya kawai ta sani, kuma ya ishe ta kuka.

A haka Hadijata ta same ta, Almustafa na waje riƙe da jakuna. Lauratu na iya mayar da ƙyallen ta yi shiru, ba wanda ya gani. Sai ta ɗaga hannun yarinyar ta nuna mata.

"Uwar Assalama, duba nan. Nan ne ban wanke ba."

Hadijata ta durƙusa ta duba. Ba ta ce na gaya miki ba, ko da yake ta gaya mata. Ta mayar da ƙyallen ta ƙara masa ƙulli. Sannan ta kama hannun Lauratu ta juya shi, ta girgiza kai, ta jawo tandun nan ta lakato abin da ya saura ta shiga murza mata a gaɓoɓin yatsu, a hankali, kamar ana lallashin yaro.

"Kai ma fatan ka ya mutu," in ji ta. "Garin nan ba ya son ruwa da yawa. Ba ya da shi, ba ya son shi."

"Ku bar mini ita," in ji Lauratu. "Na gane. Ko ban gane duka ba, na gane wanga. Wallahi na aje soso. Wata guda kawai, ki gani in ba ta warke ba."

Hadijata ta saki hannun Lauratu. Ta dubi ƙofa inda ɗanta ke jira, ta dubi yarinyar, ta dubi tsohuwar da ke gabanta. Ita ma uwa ce da ta binne 'ya, ta san abin da take shirin yi wa wata. Har ta buɗe baki, kuma Lauratu ta rantse daga baya cewa "to" ce ke kan harshenta.

Sai ruwan da ke kan wuta ya tafasa, murfin tukunya ya fara kaɗawa. Lauratu ta miƙe don ta sauke, ba don komai ba sai don kada ya ƙone, ƙafarta ta bugi kwanon wanka ya yi ƙara. Zinariya na jin ƙarar kwanon ta ƙwalla ihu. Ba kukan yunwa ba, ba na ƙaiƙayi ba. Jikinta duka ya ɗauki rawa, ta kife, ta ja ciki a kan tabarma, ita da ba ta taɓa rarrafe ba, ta cusa fuska cikin turkuɗin Hadijata ta ƙanƙame. Lauratu ta miƙo hannu don ta rarrashe ta, yarinyar ta waiwayo ta ga hannun, ta ƙara ihu.

Lauratu ta janye hannunta. Ta wanke jarirai iyakar rayuwarta, duk suna kuka, ta ɗauka kukan wanka ne kawai. Yau ta ga yadda jikarta ke kallonta, ta ji kunya da baƙin cikin da ba ta taɓa ji ba. Ta sauke tukunyar ta ajiye gefe.

"Ku tahi da ita," in ji ta.

Ita da kanta ta haɗa kayan. 'Yan riguna, ƙoƙon koko, ragowar madarar gwangwani. Hannunta ya kai kan curin sabulu ya sa a ƙunshin don sabo, ta tsaya, ta cire. Ƙwaryar kaɗanya kuwa ta riƙe ta tana juyawa, ba ta san ko ta sa ko ta bari ba. Hadijata ta karɓa ta shinshina, ta ce mai dai mai ne, ta tura cikin kaya.

Hadijata ta warware rabin turkuɗinta ta naɗe yarinyar tun daga kai har ƙafa. Da suka fito, sai ta miƙa wa Lauratu ita.

"Kai ɗauka har bakin gari."

Lauratu ta karɓa da tsoro, ta ɗora ta a kafaɗa. Ko ƙamshin zanen ne, ko gajiyar kuka ce, ko don ba ta ga hannun ba, Allah masani, yarinyar ta lafe. Kafin su wuce layin pampo ta yi barci, kumatunta a wuyan kakarta, numfashinta na sauka a hankali. Matan layi suka bi su da kallo, yau babu likita ko ɗaya a cikinsu. Lauratu ta rage sauri, ta ƙara ragewa, har jakunan suka ba ta rata. Rana ta yi zafi, gumi ya jiƙa tsakaninta da zanen, ba ta ko gyara riƙo ba don kada ta farka.

A inda ɗakunan kwali suka ƙare fili ya buɗe, Almustafa ya tsaya. Hadijata ta zare yarinyar daga kafaɗar ba tare da ta tashe ta ba. Suka yi sallama, kowace da irin Hausarta. Lauratu ta tsaya har jakunan suka zama ɗigo, zuciyarta na tambayarta ko daidai ta yi, ko ta miƙa jikarta ga fari da bindiga ne saboda ƙarar kwano.

Da ta dawo ta tarar da Keziya a tsakar gida ta juye ruwan nan a kwano ta surka.

"Inna, ga ruwa bai huce ba, ki watsa ki ji daɗin jikinki. Af, dubi wuyanki! Turkuɗin ya zuba miki, tun daga nan har kafaɗa."

Lauratu ta kai hannu ta taɓa wurin. Ta karɓi ɗan madubin Keziya ta duba. Shuni ne shimfiɗe a gefen wuyanta, daidai faɗin kan yarinya, a tsakiya har da inda kumatun ya kwanta.

"Kawo soso in dirje miki," in ji Keziya.

"Bar shi."

"Inna, da shingayen nan? In soja suka gani fa?"

"Su gani." Ta ja mayafi ta rufe wurin a hankali. "Alwala ba ta kai nan. Ki ba akuya ruwan."